Tsakanin Ƙofar Maama da Ƙofar Surukinta

A takarda ni sakatariya ce. Haka aka rubuta ranar da Maama Nabatanzi ta ɗauke ni aiki a kamfaninta na sayen kofi, wato gahawa, da ke Nyendo, nan gefen Masaka: Zaituni Najjemba, sakatariya. Amma duk wanda ya taɓa shigowa ofishin ya san aikina na gaskiya sintiri ne a baranda. Ofishin Maama yana wannan ƙarshen, na Mwami Lutaaya, wato Malam Lutaaya, yana wancan, teburina kuma a tsakiya kusa da tulun ruwan sha. Shekara tara ina kai da kawowa tsakanin ƙofofin nan biyu, takalman da na kashe Allah kaɗai ya san yawansu.

Lutaaya mijin Imma ne, 'yar Maama tilo, kuma shi ke kula da motoci da rumbunan saye na ƙauyuka. Suruki kuwa a al'adarmu ba ya zama ɗaki ɗaya da uwar matarsa, ba ya kallon fuskarta, balle hannu ya taɓa hannu. Tsofaffi sun ce wanda ya karya wannan, rawar jiki ce za ta kama shi, ya ƙare rayuwarsa yana zubar da shayi a cinya. Lutaaya digirinsa biyu daga Kampala, in ka tambaye shi zai ce maka camfi ne. Amma ranar da Maama ta fito baranda ba sanarwa, da idona na ga mai digiri biyu ya faɗa ɗakin buhuna ya ja ƙofa. Ba wai ba sa shiri ba ne, kunya ce kawai irin wadda aka gada. Don haka duk maganar da za ta bi tsakaninsu, ta bakina take bi.

To, a nan gwanintar take. Maama bakinta ba linzami. Sai ta kira ni ta ce in je in gaya wa wancan mai kan kabewar, in motar Kampala ta sake kwana a hanya shi zai kai buhunan a ka. Kafin in isa ɗaya ƙofar na wanke maganar tas. Sai in rusuna in ce, Ssebo, wato ranka ya daɗe, Maama na gaisuwa, tana tambaya ko akwai abin da za ta taimaka da shi game da motar Kampala. Shi kuma ya ja tsaki, ya ce a gaya wa tsohuwa ta riƙe carbinta ta bar masa motocinsa. In koma in ce Muko, wato surukinki, yana godiya da tunatarwa, ya ce a ci gaba da sa shi a addu'a. Haka muka zauna lafiya shekara tara, kuma ban taɓa jin na yi wa kowa ƙarya ba. Gyara nake yi.

Haƙori ne ya ja min. Wata Talata ya hana ni sakat, na tafi asibiti aka cire shi, na yi awa huɗu ba na nan. A cikin awa huɗun nan mai saye daga Mombasa ya buga wa Maama waya yana son amsa kafin azahar, amsar kuma tana wurin Lutaaya, can ƙarshen baranda. Ita ba ta da lambarsa a wayarta, don ko ajiye lambar ma tana ganin rashin ta ido ne. Imma tana Nairobi wajen wani kwas, wayarta a kashe. Sauran ma'aikata duk suna filin shanyar kofi. Haka suka zauna, kowa a ɗakinsa, har cinikin ya wuce.

Da Imma ta dawo ta ji labari, ba ta yi faɗa ba, kuma gara a ce faɗan ta yi. Ta zaunar da ni, ta tambayi lafiyar bakina, sannan ta ce kamfani mai mutum ashirin da shida ba zai rataya a ƙafar mutum ɗaya ba. Ta ce yanzu kowane ofishi yana da manhajar da ma'aikata ke aika wa juna saƙo, ta samo guda uku, ni ce na fi kowa sanin yadda magana ke yawo a gidan nan, don haka ni zan gwada su in zaɓa. Ta ba ni wata ɗaya.

Na ce to, Nnyabo, wato ranki ya daɗe. Amma a raina na san abin da aka miƙo min: wuƙa ce, a ce in zaɓi wadda ta fi kaifi in yanka kaina. Shekarata arba'in da bakwai, ban iya komai ba sai wannan aikin, kuma ba wanda ke neman mai gyara maganar surukai a jarida. Tsoro ya kama ni sosai, daga baya kuma ya koma fushi. Na ƙudura cewa duk ukun sai sun faɗi.

Ta farko mu shuɗiya muke ce mata, saboda launinta. Wani saurayi ya zo daga Kampala da takalmi mai tsini don ya nuna mana ita, yana ta yabon yadda take kiran bidiyo, wai kowa zai ga kowa kamar suna tebur ɗaya. Da na ji haka sai na ce masa ai da wannan ya kamata a fara, a burge shugabanni. Ya kunna kwamfutar Maama, ya je ya kunna ta Lutaaya, ya dawo teburina ya danna.

Fuskar Lutaaya ta fito ƙatuwa, kafaɗa da kafaɗa da ta Maama, har ana ganin gashin hancinsa. Maama ta ambaci Maryamu uwar Yesu, ta cire ɗankwalinta ta lulluɓe kwamfutar. A ɗaya ɓangaren muka ji kujera ta faɗi, sai silin kawai muke gani. Mai takalmi mai tsini ya ɗauka matsalar sabis ce, ya shiga neman inda waya ta cire. Da na leƙa, Lutaaya yana durƙushe a bayan tebur yana laluben murfin kwamfutar da hannu ɗaya, kansa a ƙasa.

Ranar nan kofi uku ya shanye a jere don hankalinsa ya kwanta. Can ya kira ni, ya miƙa hannunsa a iska ya ce in duba masa tsakani da Allah, yana rawa ko ba ya rawa. Yana rawa kuwa, kofi uku baƙi ba madara ai dole. Na ce masa ni dai ba likita ba ce. Kafin la'asar aka sallami shuɗiya da mai ita, ni kuma na sayi nama rabin kilo na kai gida aka ci da matoke, dafaffiyar ayabarmu.

Ta biyu ruwan ɗorawa ce. Imma da kanta ta kashe mata bidiyo, ta cire hotunan kowa. Amma ita tsarinta zaure ne guda, duk ma'aikata a ciki, kuma duk wanda ya shigo sai ɗigon kore ya kunnu a gefen sunansa. Na kai wa Maama na nuna mata, na dai ɗora yatsa inda ɗigonta da na Lutaaya suke, ɗaya a kan ɗaya. Ta gyara tabarau ta tambaya, wato yanzu yana ciki? Na ce yana ciki. Ta ce ita ma tana ciki? Na ce kina ciki, Maama. Ta ajiye wayar a hankali ta ture ta gefe, ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar zama zaure ɗaya da mijin 'yarta ba.

Imma ta kawo dabara, wai su riƙa shiga bi da bi. In Maama za ta shiga, shi ya fita, in ta gama ta fita, shi ya shigo ya karanta. To wa zai gaya masa ta fita? Ni. Wa zai gaya mata ya fita? Ni. A makon nan na yi sintirin da ban taɓa yi ba, ina zuwa in ce Ssebo, Maama za ta shiga, in koma in ce Maama, ya ba ki wuri. Direbobi suna aiko tambaya da safe su sami amsa da yamma. Ƙafata ta kumbura amma raina fes. Ranar Juma'a Imma ta ce a goge ta.

Sai ta ukun, wata 'yar toka-toka marar kwalliya da wasu 'yan mata biyu a Mbarara suka haɗa. Ba bidiyo, ba hoto, ba ɗigo. Rubutu ne da murya kawai, kuma kana iya aika wa mutum shi kaɗai ko ka aika wa rukuni, direbobi daban, masu sikeli daban. Ko a ƙauyen da sabis ke wahala tana tafiya. Na yi kwana uku ina jujjuya ta ina neman aibi, wallahi ban samu ba, kuma na tsane ta saboda haka.

Ranar Asabar na sayi sukari kilo biyu da sabulu, na hau boda, babur ɗin haya, zuwa Bukakata wurin Ssenga, goggon Imma ta wajen uba, wadda in ta ce abu ya haramta a dangin nan to ya haramta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi kaji da ayaba da ciwon gwiwa, sannan na kawo ƙara. Na ce ana shirin sa muryar Maama ta shiga kunnen surukinta kai tsaye, ba ɗan aike, kuma ni tsoron abin da zai biyo baya nake yi wa zuri'a.

Tsohuwar ta saurare ni tana ɓare gyaɗa. Ta tambaya ko zai gan ta, na ce a'a. Ko zai taɓa ta, na ce a'a. Ko akwai bango tsakaninsu, na ce bango huɗu ma.

Ta ce, "To mene ne abin hawa boda? Mijina shekara talatin yana hira da uwata ta bayan dangar kicin, har gardama suke yi a kan farashin akuya. Ido aka hana da hannu, ba a hana kunne ba."

Ta karɓi sukarin, ta karɓi sabulun, ta kuma ce in an gama a saka ta a cikin manhajar, tana da maganar da take son gaya wa Imma.

A hanyar dawowa na sake lissafi. Na ce to shi ke nan, a bar su su ji juna. Ni kaɗai na san abin da ke fitowa daga bakunan nan biyu kafin in wanke shi. Kwana ɗaya ya isa, za a yi ɓaram-ɓaram, Imma ta zo tana roƙona in koma baranda. Ba na alfahari da wannan tunanin, amma shi na yi. Ranar Litinin na rubuta rahoto shafi biyu ina yabon 'yar toka, Imma har ta rungume ni.

Washegari da hantsi motar Kampala ta sake makara. Na nuna wa Maama inda za ta danna ta riƙe, na fito na bar ƙofar a ɗan buɗe. Ina ji ta fara, ba gaisuwa ba komai, da mai kan kabewa ta buɗe, ta bi da buhuna a ka, ta ƙara da cewa ko jaki aka ba wa motocin nan da ya fi shi sanin inda suke. Ta saki. Na zuba shayi, na gyara zama, na sa ido a kan ƙofar Lutaaya.

Ina jira, har na fara tausaya masa. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga ɗakin nan ba, na ɗauka kuka ne. Dariya ce, har da buga tebur. Jim kaɗan wayar Maama ta yi ƙara, muryarsa ta fito.

"Maama, kabewa ta ji saƙo. Motarki tana Lukaya, direban da kika ce kada in kora saboda ɗan 'yar cocinku ne yana can yana cin gasasshiyar kaza. In aiko miki da lambarsa, ko in ce ya taho miki da cinya?"

Maama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni na kai mata ruwa. Kafin a tashi sun yi musayar saƙo ya fi talatin. Maganar faɗaɗa filin shanya, wadda na shekara biyu ina ɗauka ina kaiwa ina lallaɓawa, a minti goma suka kashe ta, da zagi biyu da dariya uku. Ranar Alhamis Maama ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shekara tara ina tausayin 'yata, na ɗauka limamin coci ta aura. Ashe ke ce limamin."

Na yi murmushi, don ba abin da ya rage min sai shi. Amma maganar ta yi min ciwo ƙwarai.

Daga nan baranda ta mutu. Direbobi suna magana da Lutaaya daga hanya, masu sikeli suna aiko nauyi daga ƙauye, Ssenga tana aiko wa kowa gaisuwar safe mai minti shida. Ni kuwa ina zaune. Na jera fayiloli bisa haruffa, na warware na sake jera su bisa shekara, na wanke tulun ruwa har ya gaji da ni. Wayoyi na ta ƙara hagu da dama, ba wanda ya kira sunana. Mako uku aka yi haka.

Ran nan da safe sai na ji Maama ta ce, Najjemba. Na miƙe da sauri har na ture kofin shayi. Ta ce in rufe ƙofa. Ba ta kalle ni ba, tana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ta ce akwai saƙo zuwa ga Muko, amma ba na waya ba ne, tunda ni na zaɓo abin, ta san duk abin da aka faɗa a ciki ina ji. Ba na ji, sai abin da ya fito ta ƙofa, amma ban taɓa gyara musu wannan zaton ba. Ta ce in gaya masa aikin ɗan aike ya ƙare a gidan nan, shi ne manaja, shi ya kamata ya sallami mai yinsa.

Wato don kada in ji maganar korata a waya, sai aka ba ni ita in ɗauka da bakina.

Na fito. Kafin in kai ƙofarsa hali ya yi halinsa. Na ce, Ssebo, Maama na gaisuwa, ta ce tana tunani a kan makomata. Ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, ya ce ya gane, Imma ta yi masa maganar. Ya ce in gaya wa Maama ita ta ɗauke ni, ba shi da hurumin sallamar wanda bai ɗauka ba. Na koma na ce Muko ya ce duk abin da kika gani game da ni, shi mai biyayya ne. Ta ce ba ta ga komai ba, shi ya gani. Na koma na ce Maama ta yaba da hangen nesanka.

Kwana uku muna wannan. Korata tana tafiya tana dawowa a bakina, kullum ina ƙara mata zuma, su kuma kowa na turo wa ɗan'uwansa. A tsakani kuma ina jin su suna raha a waya kan farashin mai da sabon fentin rumbu. A rana ta uku, ina tsakiyar baranda ɗauke da amsa ta goma sha ɗaya, sai na ji na ƙoshi. Na je na banka ƙofar Maama, na zo na banka ta Lutaaya, na tsaya a tsakiya inda duk za su ji ni. Maama ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci taga.

Na ce, "Yau saƙon nawa ne, kuma ba zan gyara shi ba. Aikin nan ya ƙare, na sani, ni na zaɓo abin da ya ƙarar da shi, kuma na so ya lalace bai lalace ba. Ku biyu ba mai ƙarfin halin da zai dube ni ya faɗa. Wayata ba ta jiyo min abin da kuke cewa, ba ta taɓa ba. Ku yi maganarku, ku ba ni wani aikin ko ku sallame ni, amma ba zan sake ɗaukar kaina in kai wa kowa ba."

Can wayar Lutaaya ta yi ƙara, ya kara a kunne. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ta Maama ta yi ƙara. Haka suka yi ta yi kusan minti biyar, ina tsaye a tsakaninsu, ana yanke hukuncina ta saman kaina ban ji ko kalma ɗaya ba. Daga ƙarshe tawa wayar ta motsa. Lutaaya ne ya rubuto: rumbun Kalisizo na buƙatar mai kula da sikeli da manoma, daga ɗaya ga wata, albashi yadda yake.

Aiki ne, na gode Allah. Amma tafiyar kusan awa ce a motar haya kullum, cikin ƙurar buhuna, nesa da teburin da na tsufa a kansa.

Ranar da zan bar ofis na sa gomesi na mai kyau, doguwar rigar nan ta biki, na kwashe kayana a kwali. Na je sallama da Lutaaya, aka ce ya fita duba wata mota, alhali motocin duk suna hanya. Na ƙwanƙwasa ƙofar Maama. Ba ta ce in shigo ba. Ta cikin ƙofa ta ce Allah ya kiyaye hanya, kuma daga yadda muryar ta fito na san bango take fuskanta. Na tsaya kaɗan ko za ta buɗe, ba ta buɗe ba.

Na hau motar haya da kwalina, muna wuce gadar Nabajjuzi saƙon Maama ya shigo, murya ce. Na kara a kunne saboda hayaniyar mota.

"Najjemba, mai taurin kan tsiya. Na kasa kallonki, shi ya sa. Shekara tara kina wanke min baki, ban taɓa tambayarki ya ƙafarki ba. Wannan ba mai gyara min shi, ki karɓe shi yadda yake."

Na saurara sau biyu. Ban san hawaye na zuba ba sai da matar da ke kusa da ni ta ɗauke kazarta daga kan kwalina, ta matsa ta ba ni wuri.